Masu Gadin Ƙofa

Ƙarfe tara aka ɗauke wuta,
Malam Sabi'u ya fita tayar da janareta.
Ina zaune da ɗan gilashi a tafin hannuna,
an rubuta masa da jar biro: Barira, Yakasai,
ciki wata biyar, na uku.
Biyun farko a bakwai suka zo, ba wanda ya kai ranar suna.
Ga ta kuma a hanyar haihuwa.

Na ɗiga shuɗi, na wanke, na ɗiga ja.
Tsallaken titi marinar Ƙofar Mata ce,
su suna tsoma ƙyalle, ni ina tsoma abin da ido ba ya gani.
Sana'armu ɗaya, rini,
sai dai nawa a ƙarƙashin madubi yake fitowa.

In lafiya ce, na san su wa zan tarar:
'yan sanduna sirara, sun sha baba,
dangin masu kwana a madara ta wayi gari kindirmo.
Tsami ne aikinsu,
tsamin nan kuwa shi ne ganuwa.
Ba albashi, ba mai yi musu ko gaisuwa.

A gilashin Barira gari ya watse.
Sanda ɗaya can, biyu a lungu,
sauran fili baƙi ne, mitsi-mitsi,
sun lulluɓe ko'ina kamar ƙudaje kan mangwaro a 'Yan Lemo.
Nan ƙirjina ya soma bugawa.

Ba baƙin kaɗai nake tsoro ba.
Jiki in ya ji takun ɓarawo, kururuwa yake,
ya tara dakaru, ya cinna wuta a zaure,
hucin ya hau har bakin mahaifa.
Ƙofar da aka ce ta jira wata tara
sai ta ji hayaniya, ta zaci an yi kiran buɗewa.
Faya ta fashe da tsakar dare,
a fito da mutum huhunsa bai gama dahuwa ba,
a sa shi a kwalba, ana ƙirga numfashi.
Wani lokaci mai ji maka ciwo ita ce garkuwa.

Da azahar ta zo taga karɓar takarda,
hijabi ruwan toka, silifa ɗaya an ɗinke da waya.
Ta ce, "An ce iska ce. An ce jinina ne.
Sau huɗu nake sa sabulu har ciki,
na yi bagaruwa, na yi alif,
na yi wani na kwalba da na saya a Kurmi.
Me kuma ya rage ban wanke ba, Yaya?"

Na ce, yawan shara kan kwashe har da iri.
Ruwa ya isa, daga waje.
Ba ƙazanta ba ce, ba kuma ke kika kira su ba.
Kai wa likita yau, kada ki fasa zuwa awo.

Ta ce, "In na sha maganin, zai zauna?"

Shekara sha huɗu ina leƙen madubin nan.
Na ga mai irin gilashinta ta cika wata tara cif,
na ga mai garke lafiyayye ta haifi bakwaini.
Na ce, ban sani ba, Barira, amma za mu yi ta dubawa.
Ta naɗe takardar gida huɗu, ta ƙulle a bakin zane,
ta tsayar da adaidaita a inuwa.

A bayan rajista na ja layi: mako ashirin da biyu.
Duk Talata zan ƙara ɗaya.

Da yamma a Fagge na sayi kindirmo na ɗari uku,
na daɗe ina kallon ƙwaryar kafin in sha.
Ku 'yan sanduna, ku dawo gida,
ku tada katangar da ta rushe, ku sa tsami.
Ku dakaru, ku sassauta, akwai mai barci a ɗaki.
Kai kuma na ciki, zauna abinka,
Kano ba inda za ta,
kana da sauran mako sha takwas a jikin uwa.